Mama Tabita, Mai Jiƙa Karan Tukunyar Gas

Kafin matan rumfar ƙuliƙuli su gama sallamar yara makaranta su fito, Mama Tabita ta riga ta yi nisa da aiki. Ta ƙofar baya take shigowa. Takan rataye zanen fitarta a reshen dalbejiya, ta ɗaura wani tsohon zane da ya daɗe da manta launinsa, ta zura takalman roba, ta jawo damin kara ta zauna gaban gungumen da tsakiyarsa ta lotsa saboda sara. Karan dawa ne ko na masara, irin wanda shanu suka cinye ganyensa suka bar sandar. Tana sare shi gutsi-gutsi, kowane bai wuce gaɓar yatsa ba. In ya taru sai ta zuba a turmi ta ɗan daddaka don ya fashe, ta kwashe da kwando zuwa durorin da ke jere a jikin katanga.

A cikin durorin nan aikinta na ainihi yake. Tana ƙona ɓawon gyaɗar da matan suka ɓare, ta tace tokar yadda ake tace tokar miya, ta zuba ruwan a kan yankakken karan, ta danne da dutse ta rufe. Kowane duro da ranarsa. Takan buɗe wannan ta cusa hannu, ta murza gutsuren kara tsakanin yatsu, ta girgiza kai ta mayar da murfi. Ta buɗe na gaba ta murza, ta ce, "Yawwa, kai ka yi ladabi." Wanda ya yi ladabin shi za ta tsame, ta ɗauraye shi sosai, ta cuɗa shi da kashin shanu da ruwa har ya zama kamar kunun da bai ji gari ba, sannan ta tuttula shi a bakin tukunyar gas.

Tukunyar nan wani rami ne da aka gina da bulo da siminti aka rufe ruf, kamar an kife ƙaton tulu a ƙarƙashin ƙasa. Abin da aka zuba yana ruɓewa a ciki ya fitar da iskar da ke kama wuta. Bututu ya ɗauko iskar ya ratsa katanga ya kawo ta rumfar gaba, inda mata ke suya. A can sai dai ka ga mace ta murɗa kan murhu ta ƙyasta ashana, shuɗiyar wuta ta tashi a gindin kasko, babu hayaƙi, babu hura wuta, babu hawaye. Baƙin da ke zuwa kallo a nan suke tsayawa. Su ɗauki hoton wutar, su ɗauki hoton matan, su ci ƙuliƙuli mai zafi su tafi. Ban taɓa ganin wanda ya tambayi me ke bayan katanga ba.

Sunana Rahmat, ina koyarwa a makarantar firamare a nan Kwantagora. Mahaifiyata Hadijatu, wadda muke kira Inna, ita ce shugabar matan rumfar. Da man gyaɗa da ƙuliƙuli ta rene mu. Na rubuta wannan ne saboda Mama Tabita ta ajiye adda bayan shekara goma sha wani abu, kuma na ga in ban faɗa ba, za a ci gaba da yabon wutar a manta da hannun da ke ciyar da ita.

Duk wanda ya tashi a gidan masu ƙuliƙuli ya san hayaƙi. Da itace ake soya gyaɗa, da shi ake tafasa ruwan matsar mai, da shi ake soya tunkuza. Na taso ina ganin idon Inna ja wur kamar ta wuni tana kuka. Tarinta kuwa har ya zama alama, in muka ji shi daga zaure mun san ta dawo. Wani likita ya taɓa tambayarta ko tana shan taba, ta ji haushin tambayar har ta ƙi komawa wurinsa. Da aka matsa mata ta koma, sai ya faɗa mata gaskiya: in ba ta rabu da hayaƙi ba, ƙirjinta ba zai kai ta tsufa ba. Inna ta ce da shi, "To in na rabu da hayaƙi, 'ya'yan nan iska za su ci?"

A wannan tsakani ne Malam Shaba ya zo. Banufe ne, malami a wata makarantar koyon sana'a, mutum mai yawan fara'a da yawan zane a ƙasa da tsinke. Shi ya kawo shawarar tukunyar, shi ya tsaya a kan gininta, kawuna Ɗanmalam kuma, ƙanin Inna, shi ne birkilan da ya gina ta. Da farko kashin shanu kaɗai ake zubawa, wanda ake kwasowa daga kasuwar kara, inda ake sayar da shanu. Da damina abin ya wadatar. Da rani ya shigo shanu suka yi kudu, kashin ya yi ƙaranci, wutar ta koma kamar ta aci-bal-bal. Malam ya ce a ƙara da karan gona, tunda ga shi nan ana ƙonewa a banza bayan girbi. Aka zuba. Karan ya ƙi nutsewa, ya taso sama ya yi tabarma, ya hana iskar fita.

Malam ya tara matan ya yi musu bayani. Ya ce akwai wasu ƙananan halittu a cikin tukunyar waɗanda ido ba ya gani, su ke cin abin da aka zuba su fitar da iskar. Kara yana da abinci a cikinsa, amma jikinsa na da tauri, ba sa iya fasa shi. Sai an sare, an jiƙa, an tausasa kafin a ba su. Ya ce ana bukatar mutum ɗaya da zai riƙe wannan aikin kullum. Matan suka dubi juna. Aikin kashi ne da toka da ɗoyi, a rana, bayan katanga. Kowa ta sami abin kallo a ƙasa.

Mama Tabita a lokacin ɓarar gyaɗa take yi musu. 'Yar ƙabilar Dukawa ce daga wajen Rijau, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Patience. Tana can gefe da tirenta a cinya, sai ta ce, "Malam, in sara ne da jiƙo, ni na iya." Hausarta irin ta mutanenmu ce da suka koye ta a kasuwa, yau tukunyar mace ce, gobe namiji ne, kuma ba ta taɓa damuwa ta gyara ba.

Da soda suka fara, irin ta masu sabulu, don ita Malam ya fi sani. Tana tausasa karan, amma tana cin hannu. Safar roba ta huje, yatsun Mama suka saɓule suka yi fari fat. Malam ya gani hankalinsa ya tashi, ya ce a dakata. Sai Mama ta ce a garinsu in wake ya ƙi nuna, ruwan toka ake ɗiga masa. Malam ya ce ya taɓa karanta cewa toka na iya yi, amma bai taɓa gwadawa ba, kuma bai san irin tokar da za ta dace ba. Ita ta san toka, shi ya san awo, suka haɗa kai. Ya kawo kwalabe ya jera a inuwa, wasu da ɗanyen kara, wasu da wanda ya sha ruwan tokar Mama, ya ɗaure wa kowace balan-balan a baki. Kullum sai sun leƙa. Ran da balan-balan ɗin kwalaben toka suka kumbura suka bar sauran a yamushe, an ji ihun Malam har rumfar gaba. Inna ta ce ta fito a guje tana tsammanin maciji ne, sai ta tarar da babban malami ya cire hula yana juyi, Mama Tabita na yi masa tafi.

Mama, ke ce kika zauna a ranar da kowa ya guje wa. Ke ce kika bi gonakin bakin gari kina roƙon manoma kada su cinna wa kara wuta, kina yi musu alkawarin takin da ke fitowa ta ɗaya bakin tukunyar. Da farko dariya suka yi miki. Da suka ga yadda alayyafon da kika shuka a bakin magudanar ya yi ganye kamar tafin hannu, su da kansu suka riƙa turo amalanke. Tabita ta Rijau, ruwan toka mai sa mai taurin kai ladabi. A hannunki idon Inna ya washe, tarinta ya yi sauƙi har muka daina gane dawowarta sai ta yi sallama.

Amma ba zan ɓoye shekarar da tukunyar ta mutu ba, don ita kanta Mama ba ta ɓoye ta. In ana yabonta ma ita ke fara tono zancen.

Ana gab da babbar Sallah ne. Masu suya da masu kilishi sun yi ta aiko wa da saƙon mai da ƙuliƙuli, matan na aiki ba ji ba gani, kowace na leƙowa ta katanga tana cewa, "Maman Patience, a ƙara mana wuta." Mama ta ga ta yi musu dabara. Ta ƙara wa ruwan tokar ƙarfi don karan ya yi saurin laushi, ta riƙa tsamo shi tun bai gama jiƙa ba, ta daina ɗauraya, har da ruwan jiƙon take haɗawa ta tuttula. Kwana kaɗan wutar ta fara lumshewa. Wata safiya Inna ta ƙyasta ashana har ta ƙone mata yatsa, murhu bai amsa ba. Tokar ta yi wa halittun nan yawa ta kashe su, karan da bai nuna ba kuma ya taso ya daskare a sama.

Aka koma itace, aka koma hawaye. Ran nan an faɗi maganganu a rumfar da ba sai na maimaita ba. Wasu suka ce dama an ɗora wa mai ɓarar gyaɗa abin da ya fi ƙarfinta. Mama ta zagayo gaba, ta tsaya a bakin rumfa da takalmanta na roba, ta ce, "Ni na yi. Malam bai ce in yi haka ba. Gaggawa na yi." Inna ta ce, "Mu kuma wa ya aike mu leƙen katanga? Kowa ta ja bakinta."

Dole a kwashe tukunyar a sake ta. Malam Shaba yana Minna wajen wani taro, ya yi waya ya ce a buɗe murfin sama a bar shi a buɗe, kada kowa ya shiga sai ya dawo. Aka buɗe, aka kwashe abin da guga ke iya kaiwa. Washegari da hantsi sai ga Kawu Ɗanmalam da tsani a kafaɗa da shebur a hannu. Ina wurin, don an yi hutun makaranta na zo taya Inna murza tunkuza. Kawu mutumin kirki ne, amma in ya ga 'yar'uwarsa cikin damuwa ba ya jin kira. Ya ajiye tsanin a ƙasa yana naɗe ƙafar wando. Kafin ya ɗago, Mama ta zauna daram a kan tsanin.

Ya ce, "Mama, ɗan tashi mini. Yanzu zan farfasa abin nan in fito."

Ta ce, "Malam ya ce kada kowa ya shiga."

"Malam yana Minna, Sallah kuma tana bakin ƙofa. Ni na gina ramin nan da hannuna, babu bulon da ban sani ba a cikinsa. Tun jiya yake buɗe, iskar ta fita."

"Ka san bulo. Ka ga iskar da idonka lokacin da take fita?"

Kawu ya fara hasala. Ya ce wa ya kashe tukunyar in ba ita ba, yanzu kuma ita ce za ta hana a gyara. Mama ta gyara zama a kan tsanin. Ta ɗaga murya ta ce, "Hadijatu! Zo ki zauna mini a kan tsanin nan." Inna, wadda Allah ya yi wa jiki, ta zo ta zauna ba tare da ta tambayi dalili ba. Kawu ya dubi yayarsa, ya ja da baya. Mama ta fita ta ƙofar baya. Gidanta ba nisa. Jim kaɗan ta dawo da kazarta a hammata, wata ja mai wake-wake da take ji da ita, wadda ƙwanta ne abin karyawar Patience. Ta sa ta a kwando ta ɗaure bakin, ta ɗaura igiyar guga, ta tsaya nesa da bakin ramin ta zura a hankali.

Mun ji kazar tana ƙorafi, muka ji ta yi fuka-fuki, sai shiru. Da Mama ta jawo kwandon, wuyan kazar ya langaɓe. Aka yayyafa mata ruwa, aka yi mata fifita, ba ta motsa ba.

Kawu ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya zauna a ƙasa daɓas, ya cire hula yana share zufa da ita. Yana da mata da 'ya'ya ƙanana a lokacin. Inna ta fashe da kuka tana kan tsanin ba ta tashi ba. Mama ta ɗauki kazarta ta riƙe a ƙirji, ta ce da shi a hankali, "Ni na kashe tukunyar nan, gaskiyarka. Amma ba zan tsaya ina kallo ta kashe mutum ba."

Tun daga shekarar, Kirsimeti ba ta taɓa wucewa Kawu bai kai mata kaza ba. Kullum sai ta ce masa ya riga ya biya, shi kuma ya ce, "Mama, ai ba kazar nake biya ba."

Malam ya dawo ya samo injin hura iska, aka hura ramin har aka tabbatar, sannan aka kwashe. Don a dawo da halittun da suka mutu, Mama ta riƙa zuwa kwata da sassafe tana karɓo abin cikin tumbin shanu a wurin mahauta, ta ɗauko a ka cikin bokiti ta ratso gari da shi. Sallah ta zo ta wuce a cikin hayaƙi. Sai bayan an gama cin naman layya da daɗewa wutar ta dawo. Malam ya kawo mata wasu 'yan takardu da ke sauya launi in an tsoma su a ruwan jiƙo, don ta riƙa gane ƙarfin tokar. Tana amfani da su, tana kuma murzawa da yatsa. Ta ce shaida biyu ta fi ɗaya.

Bayan wasu shekaru aka shiga lokacin da daji ya gagari shiga. Duk ɗan yankin nan ya san abin da nake nufi. Masu kawo itace suka daina zuwa nesa, wasu rumfunan ƙuliƙuli suka rufe. Tukunyar ba ta taɓa korar itace gaba ɗaya daga rumfarmu ba, amma ita ta sa ba mu rufe ba. Sai kuma ga mutanen ƙauyuka sun fara shigowa gari a ƙafa, da ƙullin kaya a ka da goyo a baya. Aka sauke wasu a wata makaranta kusa da mu. Matan rumfar suka yanke shawarar dama musu kunu kowace safiya kafin a ɗora kaskon suya. Wannan na nufin wutar da ake bukata ta kusa ninkawa.

Aka sake leƙa katanga, amma wannan karon da ladabi. Mama ta ce, "Na taɓa yin gaggawa sau ɗaya, na ga abin da ta haifa. Kara ba ya jin a yi sauri. In kuna son wuta, ku nemo mini duro, ni kuma zan nemo hannu." Aka bi gidaje aka aro durori. Ita kuma ta nufi makarantar da aka sauke mutanen.

A can ta ga Magdalena. Bakambara ce daga wajen Nasko, ba yarinya ba, ta manyanta. Ta fito da 'ya'yanta, mijinta bai fito ba. Waɗanda suka zo tare sun ce tun da suka iso ba ta yi magana da kowa ba, in an miƙa mata kunu ta ba yara, ita ta zauna tana kallon bango. Mata da yawa sun je sun yi mata ta'aziyya da nasiha, ba ta ɗago ba. Mama ta tsaya a kanta ta ce, "'Yar'uwa, kin iya sara?" Magdalena ta ɗago ta dube ta. Mama ta ce, "Ina da kara ya fi ƙarfina. Zo mu je."

Ta biyo ta. Aka samo wani gungume, aka ba ta adda. Sun yi makonni suna sara gefe da gefe, ba mai cewa uffan. Inna ta ce ita har abin ya fara damunta, ta ce da Mama ko za ta ɗan riƙa jan ta da hira. Mama ta ce, "Bar ta. Hannu ya fara warkewa, baki zai biyo." Wata rana da azahar matan gaba suka ji wata murya da ba su sani ba tana rera waƙar coci da Kambarci, can ƙasa-ƙasa. Waƙar ba ta yi nisa ba ta koma kuka, irin kukan da aka daɗe ana dannewa. Inna ta leƙa. Ta ga Mama ta ajiye addarta, ta jawo kujerarta ta matsa har kafaɗarsu ta haɗu, ta zauna haka har kukan ya ƙare. Washegari Magdalena ce ta fara gaishe da Inna.

Kunun bai yanke ba ko sau ɗaya har mutanen suka watse, wasu suka koma, wasu suka kama haya a gari. Magdalena ba ta koma ba. Ta koyi ƙona ɓawo da tace toka, ta koyi murza kara ta gane wanda ya nuna. Ran Lahadi kuwa, da yake dukansu biyu coci suke zuwa, tun Asabar suke haɗa abincin tukunyar su ajiye, Inna ta tuttula.

Mama, ke ce kika san cewa wani ciwon ba baki ne maganinsa ba. Ba ki yi wa kowa wa'azi ba, ba ki taɓa riƙe lasifika ba. Adda kika miƙa, kika matso da kujera. Yau 'ya'yan Magdalena biyu suna ajina, suna zuwa da fararen riguna a wanke.

Yanzu gwiwoyin Mama sun gaji, yanar ido kuma ta fara rufe mata ido ɗaya. Patience ta zama nas a Minna, ta daɗe tana roƙon uwarta ta zo a yi mata aikin idon ta huta. Bana dai ta yarda, bayan ta tabbatar karan rani ya shigo an jibge shi. Ran Asabar da ta wuce matan suka yi mata taron sallama. Aka share rumfa aka shimfiɗa tabarmi, aka dafa shinkafa da kaji. Malam Shaba ya zo da furfurarsa, Kawu Ɗanmalam ya zo, har wasu manoma da mahauta sun zo. Aka zaunar da ita a kujera a tsakiya, cikin atamfar zumuntar matan cocinsu, tana ta mutsu-mutsu kamar wadda aka kama. Aka yi jawabai, aka ajiye mata turamen zane a gabanta. Daga ƙarshe Inna ta ce, "Maman Patience, ga abin da muka iya. Amma ki faɗi da bakinki, me kike so mu yi miki? In muna da iko, wallahi za mu yi."

Mama ta dubi turamen zanen da ke gabanta. Sannan ta ce, "Ni kun gama mini komai. Kun riƙe ni, kun riƙe 'yata. Abu ɗaya ne. Kafin Magdalena ta zo, duk shekarun nan ni kaɗai nake cin abincin rana a baya. Ina jin dariyarku ta katanga. Ban ce kun yi laifi ba, na san jikina da wari, ni ma ban taɓa zagayowa da kwanona ba. To yanzu zan tafi, za ta koma ita kaɗai. Kada ku bari ta ci ita kaɗai."

Babu wadda ta iya duban wata. Malam Shaba ya sunkuyar da kai yana wasa da hularsa. Inna ta miƙe ta je ta durƙusa a gaban kujerar ta kama hannuwan Mama biyu, hannuwan da soda da toka suka cinye wa zane, ta kifa fuskarta a kansu.

Ran Litinin na biya ta rumfar da rana bayan an tashi makaranta. Na tarar da kaskon a sauke, babu kowa a gaba. Na zagaya. Suna can dukansu a gindin dalbejiya, kusa da durorin, sun kewaye ƙaton kwano ɗaya na dambu, Magdalena a tsakiyarsu tana ta jin kunya, ana ce mata ta ci.

Mun gode, Mama. Na gode da numfashin mahaifiyata, na gode da ran kawuna. Allah ya ba da sa'ar aikin ido, ya sa ki ga jikokinki tar, ya ba ki hutun da kika daɗe kina ba wasu.

Ku kuma da kuka karanta, in an yi girbi bana kada ku yi saurin cinna wa kara wuta, ku tambaya ko akwai mai bukatarsa. In aikin da kowa ke gudu ya faɗo a inda kuke, a samu wanda zai ce ya iya. Kuma duk inda kuke aiki, akwai wani a baya da ke yin mai wuyar kafin abin ya iso gabanku da kyansa. Ku san sunansa. Gobe in rana ta yi, ku ɗauki kwanonku ku je ku zauna kusa da shi.